Haƙoran Kawu na Maraɗi

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara malala cikin ƙasar nan, ina shugabantar wata makarantar firamare a Ƙanƙara, kuma na sami rabona na wannan yalwa daidai gwargwado. An ƙara wa ma'aikata albashi, aka haɗa da na watannin baya aka ba mu a dunƙule, na sayi motata ta farko. Na yi tafiye-tafiye da dama a cikinta, amma wadda ta fi zama a raina ita ce wadda na yi da yayan mahaifiyata zuwa ƙasar Nijar, domin a sa masa haƙora.

Kawu Bamaguje ne, yana zaune a wata unguwar manoma da ke bayan Sheme. Daga gidansu mahaifiyata ta fito, ta musulunta, ta auri mahaifina a Pauwa, kuma wannan bai taɓa rage zumuncin da ke tsakanin gidajen biyu ba. Mutum ne dogo, mai faɗin ƙirji, wanda idan ya yi dariya a gonarsa na gonar maƙwabta kan ɗago kai su taya shi ba tare da sun san dalili ba. A wannan shekara gero da dawarsa suka cika dami dubu. Bisa al'adarsu, wanda ya kai wannan matsayi yakan kira shaidu, ya yi buki, ya tsaya a fili gaban makaɗan gangar noma ya yi kirari da bakinsa, sa'an nan dattawa su naɗa shi Sarkin Noma. Tsohon Sarkin Noma ya riga ya rasu, kuma mutum biyu ne suka isa su gaje shi: Kawu da wani taubashinsa, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Dattawa suka zaɓi Kawu, suka sa rana. Suka kuma faɗa a fili cewa idan ranar ta zo bai tsaya a filin ba, sarautar ta koma hannun taubashin.

Ana cikin kwasar amfanin gona, yana ɗaura wa shanunsa karkiyar amalanke, ɗaya daga cikinsu ya kaɗa kai saboda ƙuda, ƙaho ya same shi a baki. Haƙoransa huɗu na sama, na gaba, suka tafi.

Ciwon bai daɗe ba ya warke, amma Kawu ya shige ɗaki ya ƙi fita. Ya umarci matarsa, wadda muke kira Inna, da ta riƙa gaya wa duk wanda ya zo cewa ya yi tafiya. Haka aka kwashe makonni, har Inna ta gaji ta aiko mini da saƙo a asirce. Na same shi zaune a kan buzu, tafin hannunsa rufe da bakinsa, kuma ta bayan hannun ya yi mini magana.

"Hedimasta, sarauta ta wuce ni," in ji shi. Tun ranar da aka ba ni makaranta ya daina kirana da wani suna sai wannan, rabi girmamawa rabi tsokana.

Na ce, "Kawu, dami dubu aka ƙirga, ba haƙora ba."

"Kai yaro ne har yau. In tsaya gaban makaɗa in buɗe baki iska na fita ta gefe? Wancan ɗan banzan taubashin nawa zai sa a yi mini waƙa, jikokina su tashi su iske ana rera ta. Gara ya ɗauki sarautar."

Na bar gidan da niyyar cewa ba zan yarda ƙahon sa ya raba mutum da abin da ya yi shekaru yana noma dominsa ba. Na bincika a Kaduna. A asibitin gwamnati aka ce layin masu jiran haƙori ba zai zo kanmu ba sai bayan damina. Likita mai zaman kansa kuwa ya faɗi abin da sai an sayar da shanun noman biyu kafin a biya, kuma na san Kawu zai zaɓi ya mutu da giɓi a kan ya rabu da su, har da wanda ya yi masa ɓarnar. Wani ɗan kasuwa a Ƙanƙara, mai kai kaya Maraɗi, shi ya buɗe mini hanya. Ya buɗe bakinsa ya nuna mini jerin haƙora farare tas, ya ce a can aka yi masa, kuma kuɗin bai wuce na rago ba. A lokacin naira tana da ƙarfi ƙwarai. Idan ka canza kaɗan a kan iyaka, sai a cika maka aljihu da sefa har ka riƙa jin kunyar tafiya.

Muka tashi da asuba. Kawu ya naɗe fuskarsa da rawani, ya kwanta a kujerar baya domin kada wani mai sammako ya gan shi, bai kuwa tashi zaune ba sai da muka wuce Dutsin-ma. Daga nan ya kafa ido a kan gonakin mutane, yana yanke musu hukunci ɗaya bayan ɗaya: wannan malalaci ne, wancan ya makara da shuka, wancan kuma da ya san shi da ya ba shi 'yarsa. Da muka tsallaka iyaka bayan Jibiya, na sanar da shi cikin murya irin ta aji cewa yanzu mun shiga ƙasar waje. Ya dubi jigawa, ya dubi wata mata da ke korar jaki tana zaginsa da Hausa, ya ce, "Wagga ita ce ƙasar wajen? To ai ni na daɗe ina zaune a ƙasar waje ban sani ba."

Likitan haƙorin Bazabarme ne, ɗan siriri, mai tsabta, wanda ya yi karatunsa a Dakar, yana kuma jin Hausa sosai. Ɗakin aikinsa yana bayan babbar kasuwa. Ya yi wa Kawu allurar kashe zafi, ya cire guntayen da suka rage a dasashi, ya ce sai wurin ya kwanta kafin a auna. Da ranar awon ta zo, ya kwaɓa wani farin abu kamar ƙullu, ya zuba a wani faffaɗan cokali, ya cusa a bakin Kawu, ya ce ya cije ya riƙe. Da aka ciro, Kawu ya tofar da yawu ya ce, "Likita, tuwonka ba laifi, amma matarka ba ta iya miya ba." Likitan ya yi dariya har sai da ya zauna. Daga wannan rana suka zama abokai.

Ya bayyana mana cewa haƙoran za su zo a jere a kan ɗan faranti wanda ake sawa a cire, a wanke shi kamar ƙwarya. Sa'an nan ya kawo samfuri iri biyu, farare da kuma masu ruwan zinari, ya ce bambancin kuɗinsu ga mai naira ba abin damuwa ba ne. Kawu ya ɗauki na zinarin ya ƙwanƙwasa shi a kan tebur, ya saurari ƙararsa, ya ce biyu na tsakiya irin wannan yake so.

Na matsa kusa da shi na rage murya. Na tuna masa cewa a wajenmu haƙorin zinari alama ce ta wanda ya sauke farali. A shekarun nan alhazai sun yawaita saboda jirgin sama da yalwar kuɗi, kuma da wuya mutum ya dawo daga Makka bai sa an lulluɓe masa haƙori ɗaya da zinari ba, ta yadda murmushinsa kaɗai ya isa shaida.

"Ni ƙarfe na sani," in ji Kawu. "Fari ne ƙaho ya karya. Bari in ga ƙahon da zai karya wanga."

Na bar shi da zaɓinsa. Ba a yi mini tarbiyyar jayayya da yayan uwa a gaban baƙo ba.

Kwanakin da muka yi muna jiran aikin suna cikin mafi daɗin rayuwata. Mun sauka a gidan wani dillalin shanu, abokin ɗan kasuwar nan na Ƙanƙara. Da safe mu sha fura da nonon da ban taɓa shan mai kauri irinsa ba, da hantsi Kawu ya ja ni kara, wato kasuwar dabbobi, ya riƙa buɗe bakin shanun mutane yana duba haƙoransu, yana cewa kowa a garin nan ya fi shi. A can babu wanda ya san shi, saboda haka ya sauke rawanin. Ya sayi farar riga mai aiki a wuya da farar hula domin ranar buki, ya sayi turmin atamfa na Inna, ya kuma sayi buhun dabino daga wasu Buzaye da suka sauko daga arewa, domin a cewarsa babban mutum ba ya dawowa daga tafiya hannu sake.

Ranar da aka sa masa haƙoran, likitan ya miƙa masa madubi. Kawu ya daɗe yana kallo. Ya rufe baki, ya buɗe, ya kira sunayen shanunsa ɗaya bayan ɗaya domin ya ji ko iska na fita. Sa'an nan ya saki dariyar nan tasa, har wata mai tallar ƙosai a waje ta leƙo ta taga.

A kan hanyar dawowa ya sa farar rigar, ya zauna a gaba. Mun dawo ne a daidai lokacin da alhazan shekarar suke sauka, motoci cike da su da akwatunansu na ƙarfe. A Jibiya wani ma'aikacin kwastan ya leƙo, Kawu ya yi masa murmushi, mutumin ya ja da baya cikin ladabi ya ce, "Alhaji, barka da hanya, Allah ya sa karɓaɓɓe ne." Kawu ya waiwaya kujerar baya yana neman alhajin. Da ya gane da shi ake, ya buga cinyata ya ce, "Ka ji, Hedimasta? Ko kayan ma bai duba ba."

Mun iso Sheme ranar kasuwa, rana tsaka. Na so mu wuce kai tsaye, amma ya ce in tsaya. Mutumin da ya yi makonni a ɓoye ya fito tsakiyar kasuwa cikin farar riga, yana ƙyalli, yana gaisawa da kowa da hannu biyu, yana ɗebo dabino yana zuba wa manya da yara. Na ji kalmar "Alhaji" tana tafiya daga rumfa zuwa rumfa. Masu hatsi suka taso, mahauta suka taso, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Kawu ya ɗauka wasa ne irin na mutumin kwastan, ya riƙa amsawa yana ɗaga hannu. Ni kuwa na kai shi gida, na koma Ƙanƙara, domin na bar makaranta a hannun mataimakina fiye da yadda ya kamata.

Da safiyar ranar buki na dawo, na tarar da fili ya cika amma ganga ba ta tashi ba. Makaɗan da aka ɗauko tun daga Damari suna zaune a kan gangunansu. Dattawan unguwa suna gindin tsamiya, fuska a murtuke. Can gefe kuma ga limamin Sheme, tsoho mai sanyin hali wanda ya san Kawu tun ƙuruciya, tare da jama'arsa, sun zo yi wa sabon alhaji barka da sauka, su kuma ji dalilin da ya sa ya musulunta bai gaya wa maƙwabta ba. Taubashin yana tsaye a tsakiya, shi ke da magana.

"Ku dattawa ku duba," in ji shi. "Wata guda da ɗori ana ce mana ya yi tafiya. Ya dawo a mota da farar riga. Dabino mun ci, har ni an ba ni. Haƙori ga shi nan yana kashe mana ido. Mi ya rage? Ni ban ce ya yi laifi ba, hanya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Amma wanda ya je Makka ba ya zuba wa kakanni giya a gindin tsamiya, kuma wanda bai zuba ba, ba a naɗa shi. Ko an canza?"

Babban dattijon ya ce ba a canza ba.

Kawu ya rantse da kabarin ubansa cewa Maraɗi ya je. Na tashi, na gyara rigata, na ba da shaida a tsanake, tun daga Kaduna har zuwa likitan, kamar yadda nake bayani gaban mai duba makarantu. Taubashin ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam Hedimasta, da girmanka. Kai da aka ba ku kuɗin gwamnati a buhu, kai ka biya masa jirgin, kai kuma za ka ba da shaida?" Jama'a suka yi dariya, na zauna.

Liman ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya ce, "To, maƙwabci, gaya mini abin da ka gani a can inda ka je."

Kawu ya ce ya ga shanu masu ƙaho kamar reshen gawo, ya ga raƙumi ana sayar da shi kuɗin jaki, ya ga gero ana shuka shi da tazarar da mutum zai kwanta a tsakani, kuma ƙasarsu ba ta kai tamu ba ko kusa.

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Jama'a, wannan bawan Allah bai je Makka ba. Na tarbi alhazai da yawa, ban taɓa jin wanda ya dawo da labarin tazarar gero ba."

"Allah gafarta Malam," in ji taubashin, "ai dole ku rufa wa naku asiri."

Dattawa suka haɗa kai suna shawara, kuma daga yadda babbansu yake kaɗa kai na ga al'amarin yana neman kuɓucewa. Su mutane ne masu tsoron kuskure a kan abin da ya shafi kakanni, kuma a wurinsu barin sarauta ta tafi ga mutumin da babu shakka a kansa ya fi sauƙi.

Sai Kawu ya miƙe. A cikin jama'ar liman akwai wani mai sayar da goro wanda ya sauke farali shekarar da ta gabata. Kawu ya nufe shi ya ce, "Alhaji, don girman inda ka je, ciro naka haƙorin mu gani."

Alhajin ya ce, "Haba Baba, ya za a yi ya ciru? Ai a jikin nawa aka lulluɓa shi. Da shi za a binne ni."

"Kowa ya ji?"

Aka ce an ji.

Kawu ya juya ya fuskanci fili gaba ɗaya, maza da mata da makaɗa. Na ga hannunsa ya ɗan tsaya a iska, ni kaɗai da Inna muka san abin da wannan tsayawa take nufi. Sa'an nan ya sa yatsa biyu a baki, ya ciro haƙoran huɗu a kan farantinsu, ya ɗaga su sama suna walƙiya a rana, ya wage baki ya nuna wa duniya giɓin.

Yawancin mutanen wurin ba su taɓa ganin an cire haƙora an riƙe a hannu ba. Wata mata ta yi salati, wata ta ja da baya ta taka ƙwaryar fura. Sai babban dattijon ya fara dariya, irin ta tsofaffi wadda ba ta da sauti sai girgizar kafaɗa, daga nan fili ya ɗauka. Alhajin goro ya riƙe ciki. Inna ta rufe fuska da gyale tana kuka tana dariya.

"Wayyo, ƙofar rumbu!" in ji taubashin, yana nuna bakin Kawu, hawaye na zubo masa. "Jama'a ku zo ku ga ƙofar rumbu!"

"Na ji, ƙofar rumbu ce," in ji Kawu, iska na fita ta gefe kamar yadda ya ji tsoro, bai kuwa damu ba. "Nawa rumbun da dawa a ciki. Naka fa, ɗan gwaggo? Ɓeraye ma sun yi ƙaura."

Taubashin ya zo ya rungume shi, ya ce wallahi ko don wannan abin kallo ya yafe sarautar. Babban dattijon ya yi wa makaɗa alama, gangar noma ta tashi.

Kawu ya zo inda nake ya damƙa mini haƙoran. Na ce ya mayar da su kafin kirari, ai dominsa muka je har wata ƙasa. Ya ce, "Riƙe mini. Kada in yi tsalle su faɗi a tattake." Na shimfiɗa farin hankicina na karɓa, na naɗe su da kyau. Haka na tsaya a gefen fili, ni shugaban makaranta, cikin babbar rigata, riƙe da haƙoran yayan mahaifiyata da hannu biyu, yayin da ya tuɓe farar rigar, ya ɗauki hauya, ya shiga gaban ganga. Ya kira sunan ubansa da kakansa da gonakin da suka sare, ya kira kansa mai kwana a kunya, mai tashin rana daga barci. Wasu kalmomin sun fita a gurguje, amma babu wanda ya rasa ma'anarsu, kuma a ƙarshen kowace gaɓa mata suka amsa da guɗa. Dattawa suka kai shi gindin tsamiya suka yi abin da al'adarsu ta tanada, mu Musulmi muka tsaya daga nesa kamar yadda aka saba, sa'an nan aka fito da shi an naɗa masa rawanin Sarkin Noma.

Ya sa aka kawo rago na musamman, ya roƙi liman ya yanka da hannunsa domin baƙin Sheme su ci ba tare da shakka ba. Liman ya yanka, ya yi addu'ar Allah ya ƙara albarka a gonakin unguwar, ya kuma ƙara da cewa idan maƙwabcinsa ya tashi tafiya ta gaskiya, ya sanar da shi tun da wuri. Kawu ya ce zai duba, amma sai an tabbatar masa da irin ƙasar noman can.

Da la'asar aka sauke tukwane, ƙamshin nama ya cika fili. Ina zaune tare da liman muna hira, sai na ji muryar nan daga can ƙarƙashin rumfar dattawa, ta ratsa kiɗa da hayaniya.

"Hedimasta! Kawo mini haƙorana, nama ya nuna!"

Na tashi na kai masa.